Neman Tsofaffin Jaridu a Kazaure da Maƙwabtanta

Da sanyin safiyar hunturu muka bar Kano ta hanyar Dambatta, ni da wani abokina malamin makaranta, muka nufi Kazaure. Abin da ya fito da mu shi ne tsofaffin jaridu da mujallu masu hotuna, irin waɗanda iyayenmu suka goge karatun boko a kansu.

A Ingila masu wannan sha'awa kan bi sawun Penny Magazine, wadda Charles Knight ya fara bugawa a Landan a 1832, cike da zanen dabbobi da gine-gine domin talaka ya ƙaru. Mu a nan, a wancan ƙarni ilmi a gafaka yake, rubutun hannu da tawada da alƙalamin kara. Namu na ɗab'i ya zo daga baya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, sannan a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu. Kazaure a Lardin Kano take a lokacin, saboda haka Sodangi ce tata.

A cikin gari aka yi mana kwatancen gidan wani tsohon hedimasta. Muka tarar da shi a zaure, ya lulluɓa da mayafi. Bayan doguwar gaisuwa na faɗi buƙatarmu.

"Ɗana, saya za ka yi?"

"A'a Baba, gani kawai za mu yi, in kun yarda mu ɗauki hoto."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya sa jikansa ya jawo wata adaka daga ɗaki. Da aka buɗe, ƙamshin tsohuwar takarda ya cika zauren. Ga Gaskiya an jera, an ɗaure da tsumma, ga Jakadiya da manyan baƙaƙenta da aka yi domin sababbin makaranta, ga Sodangi 'yan kaɗan, gefensu ya yi ja yana marmashewa. Na fi daɗewa a kan hotunan: manomi tsaye a gonar gyaɗa, mace tana tace ruwa da ƙyalle, dattawa zaune a tabarma kowa da fensir a hannu. Baba ya ce jarida guda ta ishi unguwa. Mai karatu ya zauna a ƙofar gidan dagaci yana ɗaga murya, takardar na zagawa hannu zuwa hannu, wanda bai san baƙi ba ya karanta hoto. Ni a ganina masu zanen nan malamai ne cikakku, kuma har yau ba mu ba su haƙƙinsu ba.

Daga nan muka bi ta cikin duwatsun Roni. A can labarin ya sosa mini rai. Wata dattijuwa, matar wani marigayi malamin yaƙi da jahilci, ta nuna mana akwatin mijinta. Gara ta shiga ta ƙasa ta mai da komai turɓaya. "Da kun zo tun Malam na da rai," in ji ta. Idonta ya cika da ƙwalla, mu ma haka.

A Gwiwa, kusa da iyakar Katsina, mun samu shafi biyu na Himma, jaridar Lardin Katsina, a tsakiyar wani littafin lissafi. Babura kuwa, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, mun isa ana cin kasuwa. Wani tela ya ce mahaifinsa ya bar buhu guda na Gaskiya, amma da aka zo rabon gado ba wanda ya lissafa shi a dukiya, sai aka ba masu ƙosai suka yi ƙunshi.

Ban ɗauko ko takarda ɗaya daga gidan kowa ba, domin kayan gado ne, darajarsu ta fi kuɗin da zan iya bayarwa. Roƙona ga 'ya'ya da jikokin tsofaffin malamai shi ne ku buɗe adakar nan kafin damina. Ku ɗaga ta daga ƙasa, ku nisanta ta da yoyo, ku ɗauki hoton kowane shafi da wayarku. Wanda ba shi da wurin ajiya ya tuntuɓi Arewa House a Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa a Kano.