Shekara goma sha huɗu kafin a samu likitan yara ɗaya

A daminar bara, gero ya fara fitar da kai, aka bugo mini waya daga ƙauyenmu da ke ƙasar Makoɗa cewa 'yar ƙanwata mai shekara uku tana jijjiga tun asuba. Kafin in baro Kano har an ɗora ta a babur an kai ta asibitin gwamnati mafi kusa. Na iske likita ɗaya tilo, matashi mai bautar ƙasa, da layin mata har bakin ƙofa. Ya duba tafin hannunta da ƙasan idonta, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye mata jini. Sau huɗu yana neman jijiyar da zai sa mata allura, jijiya ta ɓuya. Daga ƙarshe ya rubuta takarda ya tura mu birni.

Allah ya sa da sauran kwana, yarinyar ta tashi. Amma akwai wata mata da muka tarar a benci da jariri mai shawara, idanunsa sun yi ɗorawa. Ita ma birni aka tura ta. Ba ta da kuɗin mota, sai ta goya ɗanta ta kama hanyar gida. Har yau in na bi titin Ɗambatta sai ta faɗo mini a rai.

Ban ga laifin matashin nan ba. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Awon maganinsa daban, yadda cuta ke kayar da shi daban, kuma ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Wannan ilimi ne mai zaman kansa, kuma ni, da yake ba fannina ba ne, a wurin ƙanena na san tsawon hanyarsa, domin shi yanzu haka a cikinta yake. Shekara shida a jami'a, ɗaya ta aikin gwaji a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa. Sannan ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbin horo, ya yi kimanin shekara shida yana kwana a ɗakin jinya, tare da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike. Shaidar ƙwarewar kuwa daga ɗaya cikin wurare biyu take fitowa: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, wadda ta fara a 1976. Idan babu yajin aiki, babu faɗuwa jarrabawa, shekara goma sha huɗu ke nan.

Waɗannan kwalejoji ba sa amincewa da asibiti ya horar sai yana da manyan likitoci da ɗakin jarirai da ɗakin gwaje-gwaje, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai sakamakon haka shi ne horon ya tattara a manyan birane: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Asibitocin yara na jiharmu ma, Hasiya Bayero da na Khalifa Isyaku Rabi'u, duk a cikin birni suke. Mutumin da ya shafe kuruciyarsa a nan, ya yi aure a nan, 'ya'yansa suna makaranta a nan, da me za a ja shi zuwa Kunchi ko Tsanyawa? Alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin yara dubu da aka haifa, 187 ba sa kai shekara biyar. Wanda ya san ƙasarmu, inda gona ke jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, kowane gida cike da yara, ya san inda yawancin wannan adadi yake.

Akwai kuma abin da birni ba ya koyarwa. Likitan asibitin koyarwa yana ganin yaron da ya iso ne kawai. Bai ga kwana ukun da aka yi ana turare ana cewa iska ce ba, bai ga wanzamin da ya cire beli ba, bai san cewa a watan Agusta rumbu ya ƙare kuma tamowa ke share wa zazzaɓi hanya ba. Ƙanena da kansa ya ce mini: "Yaya, ni ɗan ƙauyen nan ne, amma sai da mashaƙo ya ɓarke a 2023 na gane cewa rabin aikinmu a tsakar gida yake."

A ganina, ya kamata wani yanki na horon, ko da wata shida ne, ya koma manyan asibitocin Ɗambatta da Bichi, a ƙirga shi cikin sharuɗɗan kammalawa, babban likita yana zuwa duk mako yana duba aikin. Hakan na bukatar gwamnatin jiha ta samar da wuta da iskar oksijin da ma'ajiyar jini da gidan kwana, domin tura ɗalibi inda babu kayan aiki hukunci ne, ba horo ba. Sannan ta ɗauki nauyin 'ya'yan yankin bisa yarjejeniyar dawowa, ta kuma biya su abin da zai riƙe su.

Ƙanena yana shirin jarrabawarsa ta ƙarshe. Abokan karatunsa biyu sun riga sun tafi, ɗaya Saudiyya, ɗaya Ingila, kuma suna ta aiko masa da takardun cikewa. Da muka je gida da sallah, mahaifinmu ya dube shi ya ce: "To, malam likita, in ka gama, ina za mu riƙa kai maka yaran?" Ya sunkuyar da kai, ya ce sai dai a taya shi da addu'a.