Kanari ko Kef Bad: ina jirginmu zai tsaya?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ke addabar Turai, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa kan gangaro kudu cikin Tekun Atlantika don neman rana. Irin wannan jirgi tamkar otal ne a kan ruwa: a ciki ake kwana, a ciki ake cin abinci. Da dare ya yi tafiya, da safe ya tsaya a wani tsibiri, fasinjoji su sauka, kafin magariba kowa ya koma. Ke nan kowane tsibiri yini ɗaya kacal yake samu, wani lokaci ma bai cika ba. To, da a ce an ba mu tikiti aka ce mu zaɓa tsakanin tsibiran Kanari da na Kef Bad, ina za mu nufa?

Tsibiran Kanari mallakar ƙasar Sifen ne, duk da cewa mafi kusa da gaɓar Maroko bai wuce nisan kilomita 100 ba. A tsibirin Tenerife ne Dutsen Teide yake, mai tsayin sama da mita 3,700, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Sifen. Hanyoyi lafiya lau, kantuna birjik. Sai dai daga tashar jiragen Santa Cruz zuwa gindin dutsen tafiyar fiye da awa guda ce a mota, hanya sai lanƙwasa take yi. A je a dawo, rabin yini ya tafi. Ga kuma cunkoso: mazauna tsibiran miliyan 2 ne da 'yan kai, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun haura miliyan 13. A watan Afrilun 2024 dubban mutanen wurin suka fito zanga-zanga, suna kukan tsadar hayar gidaje da ƙarancin ruwa.

Kef Bad kuwa ƙasa ce mai cin gashin kanta tun 1975, lokacin da ta samu 'yanci daga Fotugal. Tsibirai 10 ne, 9 ke da mutane, kimanin kilomita 570 yamma da Senegal, kuma mamba ce a ECOWAS kamar Nijeriya. Idan jirgi ya tsaya a Mindelo, babu buƙatar mota: daga tasha sai a taka da ƙafa a shiga tsakiyar gari, a wuce kasuwar kifi da gidaje masu fenti kala-kala. Nan aka haifi shahararriyar mawaƙiya Cesária Évora, wadda kan hau dandamali ba takalmi, ta rasu a 2011.

Amma abin da ya rinjaye mu yana tsibirin Santiago. Kilomita 15 kawai daga Praia, babban birnin ƙasar, akwai tsohon garin Cidade Velha, wanda 'yan Fotugal suka kafa a 1462. A nan ake tara bayin da aka kamo daga gaɓar Afirka ta Yamma kafin a tsallaka da su zuwa nahiyar Amurka. Har yau a dandalin garin akwai ginshiƙin dutse inda ake ɗaure bawa a hukunta shi a bainar jama'a, a saman tudu kuma ga ganuwar da aka gina don kare garin daga 'yan fashin teku. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Abin da muke haddacewa don jarrabawar tarihi, a can ana iya taɓa shi da hannu, kuma a dawo jirgi da sauran lokaci.

Saboda haka mu dai Kef Bad muka zaɓa, amma da sanin abubuwa biyu. Yawancin waɗannan jirage daga Turai ko Kanari suke tasowa, don haka ɗan Nijeriya sai ya nemi bizar Turai kafin ya hau, ko da Kef Bad yake son gani. Sannan ƙurar hunturu da ta buɗe mu a Kano da Zinder ba ta tsayawa a bakin teku. Iska kan kwashe ta daga Sahara har tsibiran nan, hazo ya rufe sama. A Kanari suna kiran ta “calima”, a Kef Bad “bruma seca”. Wanda ya je a Janairu yana iya tarar da rana jajir a bayan hazo, kamar bai bar gida ba.

In kuma yunwa ta taso, abincin ƙasar shi ne kachupa, dafa-dukan masara da wake. Galibi akan sa masa naman alade, don haka a tambaya tukuna, a ce a kawo na kifi.