Ina bidiyon taronmu yake kwana?

Bayan kowane taron wata, saƙon da ya fi shigo mini shi ne: "Sakatare, bidiyon nan ya ƙi buɗuwa." Yawanci laifin ba na wayarku ba ne. Wanda ke ɗaukar mana bidiyo iPhone gare shi, ita kuwa tana ajiye shi ne a MOV, kuma tun 2017 take matse shi da tsarin HEVC, wanda tsofaffin wayoyin Android da yawa ba sa iya karantawa. Goge sunan fayil a rubuta MP4 ba ya magani, murfin kwano kawai aka sauya, tuwon na nan yadda yake. Sai an juya shi zuwa MP4 mai tsarin H.264, wanda kusan kowace waya ke buɗewa.

Abin da mutane suka saba shi ne su nemi shafin juya bidiyo kyauta a Google. Akasarin shafukan nan sai ka ɗora musu bidiyon gaba ɗaya, su juya shi a kwamfutarsu, ka sake sauke shi. Data ta tafi sau biyu ke nan, ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Amma ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ku tuna abin da ke cikin bidiyoyinmu: matan aure a wajen walima, fuskokin marayu ranar rabon tallafi, zaman sulhu tsakanin gida biyu inda aka faɗi maganar da bai kamata ta fita zaure ba. Shafin zai ce yana gogewa bayan 'yan awoyi. Wataƙila gaskiya ne, amma wa ya je ya duba?

Wani ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Gidan Kwano, wanda ke haya a unguwarmu, shi ya nuna mini ɗaya hanyar. Akwai shafukan da ke yin aikin a cikin burauzarka, bidiyon ba ya fita daga na'urarka ko kaɗan. Suna amfani ne da FFmpeg, manhajar da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, wadda yanzu take iya aiki a cikin Chrome ko Firefox ta hanyar fasahar WebAssembly. Shafin ne ke sauko maka da injin, maimakon ka kai masa kayanka.

Kowane shafi zai iya rubuta cewa haka yake yi, don haka gwada shi. Buɗe shafin, juya wani ɗan guntun bidiyo marar muhimmanci don injin ya gama sauka, sannan ka kashe data da Wi-Fi, ka saka na gaske. In ya juya, a hannunka aka yi aikin. In ya tsaya yana neman intanet, rufe shi.

Hanyar tana da nata wahalar. Tana da nawa, tana shan caji, ƙaramar waya kan yi zafi ta tsaya a tsakiyar dogon bidiyo. Don haka na taron awa guda a laftof nake yi, da HandBrake ko VLC, su ma kyauta ne kuma ba sa bukatar intanet. A taro mai zuwa zan gabatar da shawarar mu rubuta a dokokin ƙungiya cewa bidiyon sulhu da na rabon tallafi, a kwamfutar ofis kaɗai za a riƙa juya su.