Kubbar Mahadi da Darasin Gini a Umdurman

Kafin yaƙi mun sha kai ɗalibanmu yawon buɗe ido Umdurman. Da an haye gadar Farin Nilu daga Khartum, sai ga Masallacin Nilain a bakin ruwa, wanda aka gina a zamanin Shugaba Numairi, da kubbarsa ta alminiyam. Can gaba kuma ga Kubbar Mahadi tana ƙyalli kamar azurfa.

A nan mukan zaunar da yara mu ba su tarihi. Imam Mahadi ya rasu a 1885, Halifa Abdullahi ya gina kubba a kan kabarinsa. A 1898, bayan yaƙin Karari, sojojin Kicina suka rushe ta. Ta yi kusan shekara 50 tana kango, sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake tayar da ita. Dab da ita akwai gidan Halifa, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928. Kaurin bangonsa da inuwar tsakar gidansa sukan sa mutum ya manta da zafin ranar Sudan.

To, jama'a, ma'anar ginin Musulunci ke nan. Kubba da hasumiya ado ne. Asalin abin shi ne alƙibla, da sutura ga iyali, da inuwa ga baƙo, da wurin alwala. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka suka zauna a nan sun zo da sanin zaure da tubali.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ragargaza gidaje da masallatai masu yawa a Khartum da Umdurman. Gini na jiranmu. Abin tsoro shi ne mu yi gaggawar kafa akwatunan siminti da kwano, waɗanda ba su shiguwa da rana in babu lantarki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin maginanmu suna ƙarewa. Mu tura samari su tsuguna gabansu tun da sauran lokaci, kuma duk kwamitin masallacin unguwa ya shawarce su kafin a haƙa harsashi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.