Kifin Da Ke Haihuwa Kamar Tunkiya

Mu mutanen ƙasar Daura, in aka ce kifi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne tarwaɗa da karfasa na madatsar Sabke ko ta Daberam, ko kuwa bandar da ake kasawa a kasuwa. A tunaninmu kifi abu ne da ba ya ƙarewa, domin uwa guda takan zuba ƙwai dubbai, in ruwa ya kawo sai ka ga kamar ba a taɓa kama ko ɗaya ba. To, 'yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani kifi wanda wannan lissafi bai hau kansa ba, wanda kuma har yau ban ji an raɗa masa suna da harshenmu ba.

Kifin nan ɗan dangin shak ne, watau manyan kifayen teku waɗanda ba su da ƙashi sai guringuntsi. Masana suna kiransa Alopias pelagicus, sunan da wani malami ɗan ƙasar Japan, Hiroshi Nakamura, ya ba shi a 1935. Kalmar farko daga Girkanci ta fito, ma'anarta yanyawa, ta biyu kuma tana nufin mazaunin tsakiyar teku. Ingilishi kuwa sun kamanta shi da mai bugun hatsi. Ni dai, a matsayina na ɗalibin Hausa, na ga ya dace a ce masa Mai-bulala, kuma yanzu za ku ji dalili.

Tsawon babbansa yakan kai mita 3, amma fa kusan rabin wannan tsawo duk wutsiya ce, siririya, mai lanƙwasa kamar bulalar mahayi. Bayansa shuɗi ne, cikinsa fari, bakinsa ƙarami, haƙoransa ƙanana, ba shi kuma da wata ɓarna ga ɗan Adam. Su uku ne a gidansu masu irin wannan wutsiya, shi ne ƙaraminsu. Mazauninsa tekun Indiya da na Pasifik, har da Bahar Maliya. Wannan ya sa nake ganin bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Kakana yana cikin waɗanda suka tafi aikin hajji ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ashe ruwan da alhazanmu na dā suka ƙetara suna kalmar shahada, gidan Mai-bulala ne.

An daɗe ana gardamar amfanin wannan wutsiya. Masunta sun lura cewa in suka ja mamari, sau da yawa ta wutsiya ƙugiya ke kama shi, ba ta baki ba. A 2013 ne Simon Oliver da abokan aikinsa suka buga sakamakon hotunan da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Pescador na ƙasar Filifin. Sai ga shi yana tasar wa garken sadin, irin wanda muke saye a gwangwani, ya ja birki da fukafukansa na ƙirji, ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya shauɗo wutsiya ta saman kansa da gudun da ya kai kimanin mil 30 a awa. Waɗanda dukan ya sumar, sai ya juyo a hankali ya tsince su. Haka kuma a wani tudun ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Malapascua, yakan zo da sassafe ya yi ta kewayawa, wasu 'yan ƙananan kifaye suna cire masa ƙwarin da suka manne a jikinsa, kamar dai yadda carki yake cire wa saniya kaska.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haihuwarsa. Macen ba ta zuba ƙwai a ruwa. Ciki take ɗauka, kuma galibi 'ya'ya 2 rak take haifa, ɗaya a kowace mahaifa. Tun suna ciki take ciyar da su da ƙwan da ba a barbara ba, har su fito da tsawon da ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Bugu da ƙari, ba ta isa haihuwa sai ta yi shekara 8 zuwa 9 a duniya.

To, jama'a, wannan ai ba lissafin masunci ba ne, lissafin makiyayi ne. A gidanmu muna kiwon tumaki, kuma tun ina ƙarami na san dokar mahaifina: ko yaya talauci ya matsa, rago ake kaiwa kasuwar Mai'aduwa, ba a taɓa tunkiya mai ciki. Tunkiya ma ta fi wannan kifi sauƙi, domin kafin ta cika shekara biyu ta haihu. Wanda ke yanka uwa mai ba da biyu bayan shekara tara, ai garken yake yankawa gaba ɗaya.

Abin da ya faru ke nan. Jiragen kamun kifi suna shimfiɗa mamari da raga na mil da yawa, su kwaso shi, a ci naman, a busar da fukafukan a sayar domin wata miya mai tsada a ƙasashen Asiya. A taron Johannesburg na 2016, ƙasashen duniya suka sa shi da 'yan'uwansa biyu cikin jerin dabbobin da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. A 2019 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa.

Wani zai ce, ina ruwan Badauri da kifin da ba zai taɓa gani ba? Amsata ita ce, dattawanmu suna ba da labarin barewa da jimina da kura a dazuzzukan da yau suka zama gonaki, mu kuwa sai dai mu ji su a tatsuniya da karin magana. Su ma an ɗauka ba za su ƙare ba. Amma ko ba kome sun bar mana suna, muna iya juyayinsu. Wanda ba shi da suna kuwa, in ya tafi ko ta'aziyya ba za a yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ina roƙon malamanmu da 'yan wannan ƙungiya, mu ɗauki raɗa wa halittun Allah suna da Hausa a matsayin aikinmu, domin yaron da ke firamare a Zango ko Sandamu ya karanta labarinsu da harshen da yake mafarki da shi. Na kawo Mai-bulala. In wani yana da wanda ya fi shi, bismilla, fili a buɗe yake. Allah ya sa mu dace, amin.