Garin da Ba Ka Kwana Ba, Ba Ka Je Shi Ba

Ran nan da yamma ina zaune a soro ina jiran kiran magariba, sai ga jikana ya shigo da waya a hannu. Yaron nan tun yana rarrafe muke rigima da shi a kan kakarsa, wai matarsa ce na ƙwace. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Tsoho, an ce ka sha yawon duniya. Duk garuruwan da ka taka, wanne ya fi kwanta maka a rai?" Na san amsar da yake jira. So yake in ce Legas ko Abuja, ya buɗe mini hotuna ya ce ai shi ma ya je. Na ce masa, "Ka ajiye Makka da Madina gefe, su ba a sa su a layi. In ka ajiye su, to, Riruwai." Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Riruwai ta nan bayan Falgore?" Na ce, "Ita fa, angon ƙarya."

Ban ga laifinsa ba, don ni ma da nake kamarsa haka na ɗauki duniya. Da yaron mota na fara, daga baya na koma fataucin hatsi, na shafe kusan shekara 40 ina bin kasuwanni. A farkon shekarun nan ƙananan garuruwa a wurina sunaye ne kawai da 'yan kamasho suke kira a tasha. Idona yana kan Kano, inda kuɗi yake. Sai da mota ta zaunar da ni ta yi mini karatu.

Lokacin hunturu ne, an gama girbi. Mun cika gingimari da masara a ƙasar Doguwa, mun kamo hanya, sai sifirin ya karye dab da Riruwai, rana tana shirin faɗuwa. Direba ya leƙa ƙarƙashin mota ya fito yana kaɗa kai, ya ce sai an je Kano an sayo wani. Wanda bai taɓa kwana a gindin duwatsun can da hunturu ba bai san sanyin ƙasar Kano ba. Muna tsaye muna karkarwa, sai wani dattijo ya fito daga masallaci ya yi mana sallama. Bai tambaye mu daga ina muke ba. Abin da ya ce kawai, "Bayin Allah, kun ci abinci?" Ya kai mu zaurensa, ya sa yara suka hura wuta a kasko, aka kawo tuwon masara da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Da za mu kwanta ya cire bargon da yake yafe da shi ya miƙo mini.

Da gari ya waye na dubi fuskarsa da kyau, sai gabana ya faɗi. Shi ne mutumin da na yi wa tayin wulaƙanci a kasuwa jiya da hantsi. Na dama hannu a masararsa na ce duk ƙwari ne, alhali lafiyarta lau, har na juya na ce wa yarona, a kan kunnensa, mutanen ƙauye ba su san ciniki ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ɗana, tun jiya na gane ka. Ciniki daban, baƙunta daban. Sha kununka kada ya huce." Na sha wa'azi a duniya, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan kunu ba.

Kwana 3 muka yi kafin a ɗaura sifirin, shi kuwa bai bar ni na zauna ina ƙirga asara ba. Ya zaga da ni ya nuna mini ramukan kuza, tsofaffi da sababbi. A bakinsa na fara jin cewa tun kafin Bature ya san hanyar Jos, mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba a 'yan ramukan da suka huda da tsinken ciyawa, ta fito siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗaure dami-dami su kai kasuwannin nesa. Daga baya kamfanoni suka zo da injuna, garin ya cika da ma'aikata daga ko'ina. A shekarun 1980 harkar ta durƙushe, musamman da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Duk lokacin da na koma bayan nan, sai in ga masu albashi sun watse, masu fartanya suna nan. Garin da ya dogara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗai yana iya wayar gari hannu rabbana, mai gona kuwa kowace damina sabon rabo. Har yau Riruwai ce hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, kuma in ka je da damina ka ce a kai ka Zainabi ka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, sai ka rantse ba a jihar Kano kake ba.

Tun daga wannan tafiya na kafa wa kaina doka: garin da ban kwana ba, ba na cewa na je shi. Da rana kowane gari fuskar kasuwa yake nuna maka, kowa yana neman na kansa. Sai bayan isha'i, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kake jin abin da ke damun mutane da abin da ke ba su dariya. Da asuba kuma ka ga sahu nawa ake yi a masallaci, ka ji ƙarar turmi, ka ga wa ya riga wa fita gona. A babban birni kana iya shekara a masauki ba wanda ya san da zamanka. A ƙaramin gari kuwa kafin ka gama alwala labari ya zaga cewa gidan wane an yi baƙo.

Da na fara bin wannan doka, garin da ya fi ba ni kunya shi ne Bebeji, don kusa take da garinmu Ƙofa, ita ce ma hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Sau nawa na shiga na fita ban san ƙasar da nake takawa ba? Sai da na kwana gidan wani abokin cinikina, muka raba dare da tsofaffin unguwarsu, na ji tarihin Agalawa, fataken da suke ɗaure jakuna su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, madugu a gaba. Wani malamin makaranta a wurin ya ƙara mana da cewa Bature matafiyi Clapperton ya bi ta garin a 1826, ya rubuta cewa ya tarar da shi cike da jama'a, galibinsu 'yan kasuwa. A wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, sunanta ne ya bi shi har ya zama sunan zuriya. Shi ne ya yi fataucin goro, ya koma gyada bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Duniya ta san sunan, amma mutum nawa ne suka san na tsohuwar da ta yi raino a wani lungu na Bebeji ne? Kogin da ake gani a birni, in ka bi sawunsa, a wani ƙauye za ka tarar da idonsa.

Tiga kuwa a gaban idona aka yi ta. Ina saurayi aka fara aikin madatsar a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Mukan je mu tsaya daga nesa muna kallon katafila tana ture ƙasa kamar tururuwa da hatsi. Yanzu ka je da sassafe ka zauna a bakin ruwa, ka ga masunta suna dawowa da kwale-kwale, mata suna jira da kwanuka, hayaƙin bandar kifi yana tashi. Ruwan nan shi ke bin magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, shi ya sa ake cin ɗanyen tumatir da rani. Na daɗe ina yabon Tiga ba tare da na san tana da wata fuska ba, sai da fatauci ya kai ni ƙasar Haɗejiya na kwana a wani gari na bakin fadama. Mai masaukina ya nuna mini filin da a da ambaliya take rufewa duk shekara, su kama kifi, in ruwa ya janye su yi shuka. Ya ce tun da aka tare ruwa a sama abin ya ragu. Ban yi masa musu ba, ban kuma daina son Tiga ba. Na dai koyi cewa abin da kake kira albarka, ka tambayi na ƙasa da kai me yake kiransa.

Sauran garuruwan kusa ba sai na ja zance ba. Ka je Tudun Wadar Ɗankadai bayan girbi ka ga buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, an jera su kamar ganuwa, masu gumi suna ta aiki. Ka je Kura ka nemi mabuga, ka ji yadda ake buga baƙin yadi har ya riƙa ƙyalli, irin rawanin da Buzaye suke ƙetare sahara don su saya. Ka je Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ka hau dutse da la'asar ka dubi garin daga sama. Zuwa duk waɗannan bai fi kuɗin katin wayarka na mako guda ba.

In Allah ya hore maka guzuri, ka ƙara gaba. A Birnin Kudu akwai duwatsun da mutanen dauri suka yi zanen shanu a jikinsu, da wasu da in ka ƙwanƙwasa suke amsawa kamar ƙarfe. A Wurno ta ƙasar Sakkwato, inda na je sayen albasa da tafarnuwa, na ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Mutum yana da Sakkwato a hannunsa, amma ya zaɓi zaman ribaɗi a wannan gari, a nan kuma aka binne shi. Na jima a tsaye ina tunanin yadda mu muke ganin in ba a birni ba ba a cika mutum ba. A Madarumfa kuma, kudu da Maradi, na kwana a bakin tafki. Kuɗinsu sefa, karatun bokonsu Faransanci, amma da aka ajiye mini ƙwaryar fura aka ce "Bismilla, baƙo," ban ji na bar gida ba.

Sai dai shiga ƙaramin gari yana da ladabi. Ka fara da sallama wurin mai unguwa ko limami, don a san da kai. Kada ka je hannu biyu, ko goro ne ko sabulu ka riƙe wa mai masauki. Abin da aka ajiye maka ka ci, ko da ba irin cimarka ba ce, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙo ma ana duban tasa fuskar. Ku 'yan zamani, kada ka ɗaga waya a kan fuskar mutane kamar ka zo kallon namun daji, ka nemi izini tukuna. Kafin ka kama hanya ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki, musamman dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi. Ni ko a zamanin da ake zaune lafiya ba na ratsa shi da dare. Matambayi ba ya ɓata.

Da na kai nan, jikana ya ce shi fa ya je jihohi sun fi 10. Na ce, "Madalla. To, a cikinsu wane gari ne in ka sauka da tsakar dare, aljihunka ba ko sisi, akwai gidan da za ka ƙwanƙwasa a buɗe maka, a kira sunanka?" Ya yi shiru yana jujjuya waya. Na ce masa ni ina da irin waɗannan gidaje daga Riruwai har Madarumfa, kuma ban sayi ko ɗaya da kuɗi ba.

Abin da ban gaya masa ba sai da muka dawo daga masallaci shi ne dalilin da ya sa na hana a rushe soron nan, lokacin da iyayensa suka so su yi mini gini na zamani da ƙaton get na ƙarfe. Shekaru bayan rasuwar dattijon nan na Riruwai, wani dare ana ruwa, aka yi sallama a ƙofar gidana. Wani magidanci ne, motarsu ta lalace a kan hanyar Kano. Ya ce mahaifinsa ya taɓa gaya masa, in dare ya yi masa a wajen Ƙofa, ya nemi gidan wani bafatake mai tsananin ciniki. Na shiga ciki da sauri na ce wa kakar yaron nan ta ɗora tukunya, na ɗauko bargona.

Ƙofa ma ƙaramin gari ce a idon mai wucewa. Shi ya sa har gobe tabarma da buta ba sa barin soron nan. Jikan nawa kuwa ya ce in an yi girbi zai je Riruwai. Na ce ya tafi da bargo biyu, ɗaya nasa, ɗaya na biyan bashi.