Warin roba a ɗakin Inna

Gidanmu na Damagaram an ja masa kuran ne tun ina ƙarami, lokacin da kayan wutarmu duka ƙwan fitila huɗu ne da rediyon Baba. Yau firigo biyu ke aiki dare da rana, don Inna na sayar da ƙanƙara, ga fankoki, ga dutsen guga, ga cajin wayoyin jikoki. Wayar cikin bango kuwa ita ce dai ta da.

A bazarar bana, wani dare na ji warin roba a ɗakin Inna. Na taɓa piriz ɗin firigo, sai da na janye hannu don zafi.

Da safe mai gyara ya buɗe wurin. Siririyar waya ce mai milimita 1.5, wadda ta dace da fitilu kawai. Piriz na son 2.5. An ɗaure mahaɗar da leda, ledar ta narke. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fiz: wani ya taɓa maye shi da zaren tagulla mai kauri, don kada ya riƙa yankewa. Ke nan mai gadin gidan aka ɗaure.

Baba ya ce wayar ba ta taɓa cin amanarsa ba. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, jikokinku a ɗakin nan suke kwana." Ya yi shiru.

Kuɗin ragon layyata ne suka tafi a sabuwar waya da disjonkter. Ɗakin Baba ya rage, har yanzu muna lallashi.